Bijiman Dutse da Mutanen Nineba

Abin karantawa: Yunana sura 3 da ta 4, Ayyukan Manzanni 17:16-34 da 19:17-41.

Babu yaron da ya yi wata uku a makarantar Lahadi wanda bai ji labarin Yunana da babban kifi ba. Amma in ka tsai da dattijo a ƙofar majami'a ka tambaye shi ina Nineba ta ke, sau da yawa sai ya yi shiru. Waɗansu ma suna tsammani gari ne irin na tatsuniya, kamar garin su gizo da ƙoƙi. To, Nineba gari ne na ƙasa da dutse, kufanta kuwa yana nan har yau a arewacin Iraki, a gabashin kogin Dijla, wanda Turawa ke kira Taigiris. Birnin Mosul ya girma ya haye kogin ya kewaye kufan nan, har unguwanni sun shiga cikin tsohuwar ganuwa. Dukan jihar ma sunanta Nineba, haka a ke rubutawa a takardun gwamnati. A wannan wata ina so mu yi tunani bisa abin da ya sami garin nan daga 2014 zuwa 2017, gama akwai tambayoyi a ciki waɗanda su ke jiran kowane mai bi.

Sarkin da ya ɗaukaka Nineba shi ne Sennakerib, wanda ya ci sarautar Assuriya daga shekara ta 705 zuwa ta 681 kafin haihuwar Almasihu. Kun san shi, shi ne ya aika wa Hezekiya wasiƙar reni (2 Sarakuna 19). Ya yi wa birnin ganuwa mai tsawon wajen kilomita 12, da ƙofofi 15. A bakin ƙofofin fada da waɗansu ƙofofin gari, sarakunan Assuriya su kan kafa manyan siffofi na dutse biyu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Jikin na bijimi ne ko na zaki, fukafukan na gaggafa, kan kuwa na mutum, da dogon gemu a kitse da hular sarauta mai ƙahoni. Sunansu lamassu. Daga dutse guda a kan sassaƙa kowane, waɗansu nauyinsu ya kai tan 30. Aikinsu tsaron ƙofa ne, kada mugun abu ya shiga. Watau dai layar sarki ce, sai dai ta fi ƙarfin a rataya a wuya. Yunana bai ga na Sennakerib ba, gama shi a zamanin Yerobowam na biyu ya yi annabci, shekaru da dama kafin wannan sarki.

Layar ba ta ci ba. A shekara ta 612 Babilawa da Mediyawa suka haɗa kai suka kewaye Nineba, suka ci ta, suka sa mata wuta, bijimai suna tsaye suna kallo. Annabi Nahum ya riga ya faɗi faɗuwarta, Zafaniya kuma ya ce za ta zama kango inda garkuna za su riƙa kwana. Haka kuwa aka yi. Ƙasa ta rufe fada da ƙofofi, suka zama tuddai.

Sai daga 1842 zuwa wajen 1854 aka tona tuddan nan. Wani Bafaranshe mai suna Botta ya fara, sa'an nan Layard ɗan Ingila, tare da Hormuzd Rassam, Kirista haifaffen Mosul. Abin da suka samu ya sa masu karatun Littafi Mai Tsarki riƙe baki. A bangon fadar Sennakerib ga zanen yaƙin Lakish, garin Yahuza, an sassaƙa shi a dutse, da maharba da kamammu da mata ɗauke da ƙunshin kayansu. A Nimrud, wajen kilomita 30 kudu da Mosul, wadda ita ce Kala ta Farawa sura 10, aka sami wani baƙin dutse a 1846 mai ɗauke da sunan Yehu sarkin Isra'ila yana kawo gaisuwa ga sarkin Assuriya. Akwai kuma rubutun Sennakerib kansa bisa yumɓu, inda ya ke fahariya ya ci garuruwa 46 na Yahuza, ya kulle Hezekiya cikin Urushalima kamar yadda a ke kulle tsuntsu a keji. Amma bai ce ya ci Urushalima ba, mai fahariya irinsa kuwa da ya ci da ya faɗa. Da yawa cikin kayan nan aka kwashe zuwa Landan da Faris. Ko ɗaukar nan daidai ce, mutanen Iraki suna da ta cewa, maganar wata rana ce. Waɗansu dai aka bar su inda masassaƙa suka kafa su, waɗansu aka ajiye a gidan kayan tarihi na Mosul.

Ran 10 ga watan Yuni, 2014, mayaƙan ƙungiyar da Larabawa ke kira Da'ish suka kama Mosul, sojan gwamnati suka tuɓe kaki suka gudu. Ku lura da yadda al'amura suka bi juna, gama jerin yana da magana a ciki. A ranar nan suka fitar da fursunoni daga kurkukun Badush, suka ware wajen mutum 600, yawancinsu 'yan Shi'a, suka harbe su a bakin kwari. Cikin watan Yuli suka bi gidajen Kirista suna shafa harafin nun na Larabci a bango, watau Nasara, suka ce ko su bar addininsu, ko su biya jiziya, ko takobi. Daga baya suka ba su wa'adin fita zuwa tsakar ranar 19 ga wata. Suka fita. A shingayen hanya aka ƙwace musu kuɗi da motoci da zoben aure. Ran 24 ga Yuli suka kori masallata daga masallacin Annabi Yunusa, wanda ke bisa ɗaya daga tuddan Nineba, inda mutanen gari su ke cewa nan kabarin Yunana ya ke, suka dasa nakiya suka tashe shi. Ran 3 ga Agusta suka fāɗa wa Yazidawa a Sinjar, suka kashe maza dubbai, suka kwashe mata da yara fiye da 6,000, suka sayar da da yawa cikinsu kamar awaki. Daren 6 ga Agusta suka nufi Karakosh, garin Kirista mafi girma a Iraki, mai mutum wajen 50,000. Kafin gari ya waye babu kowa. Kirista fiye da 100,000 suka bar filin Nineba a kwanakin nan, suka kwana a harabar majami'u da gine-ginen da ba a gama ba a Arbil, cikin zafin Agusta.

Sai bayan wata takwas da kama garin, ran 26 ga Fabrairu, 2015, suka fitar da majigin da duniya duka ta gani. Ga mutane cikin gidan kayan tarihi na Mosul suna ture siffofin sarakunan Hatra, suna bin su da guduma. Ga wani ya hau bijimin Ƙofar Nergal, ya sa masa injin huda dutse a fuska. Cikin Maris da Afrilu suka shiga Nimrud da katafila da nakiya, suka tashi fadar Ashurnasirfal na biyu. Shugabar hukumar UNESCO ta ce wannan laifin yaƙi ne, jaridun duniya suka cika da hotunan bijimai.

Yanzu ku bar gidan kayan tarihi, ku biyo ni cikin unguwa. Yawancin waɗanda suka rage a Mosul Musulmi ne, talakawa da ƙananan ma'aikata waɗanda ba su da inda za su, ko kuwa suna da tsoho a gida wanda ba ya iya tafiya. Su ne suka sha shekara uku a hannun mutanen nan. Mace ba ta fita sai ta rufe fuska, ta sa baƙar safa a hannu. In 'yan hisba suka ga yatsa a waje, mijinta ya sha bulala ko tara. Namiji ba ya aske gemu, wandonsa kuma ya tsaya bisa idon sawu. Shan taba laifi ne. Aka yanke layin wayar hannu, sai mutum ya hau soro da dare a ɓoye yana neman layi daga nesa, don ya gaya wa ɗansa da ke Bagadaza cewa yana da rai. In an kama shi kuwa a ce ɗan leƙen asiri ne. Aka sauya littattafan makaranta, lissafin yara ya koma ƙidayar bindiga da harsashi. Iyaye da yawa suka gwammace su tsare 'ya'yansu a gida, yara suka yi shekara biyu, waɗansu uku, ba karatu. Cikin 2015 gwamnatin Bagadaza ta daina aika albashi, don kada kuɗin ya faɗa hannun Da'ish, sai malamin makaranta da akawu suka koma sayar da kayan ɗakinsu ɗaya bayan ɗaya.

Yaƙin ƙwato birnin ya fara ran 17 ga Oktoba, 2016, bai ƙare ba sai Yuli 2017, wata tara ke nan. Gadoji biyar na kogin duka suka lalace, wa yana gabas ƙane yana yamma, ba mai jin labarin wani. Ruwan famfo ya ɗauke, mutane suka haƙa rijiyoyi a tsakar gida da bakin titi. Kananzir ya ƙare, ga hunturun ƙasar wanda sanyin Jos wasa ne a gabansa, sai a fasa ƙofa da kujera a hura wuta. A tsohon gari na yamma, inda lunguna ba su ɗaukar mota, iyalai suka yi makonni cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, abincinsu garin alkama da ruwa, sau ɗaya a yini. Wanda ya mutu sai a binne shi a lambun gida, gama ba hanyar zuwa makabarta. Wanda ya yi ƙoƙarin gudu, Da'ish su harbe shi. Wanda ya zauna, bam na jirgin sama ya rushe gida a kansa. Ran 17 ga Maris, 2017, harin jirgin Amurka guda ɗaya a unguwar Jadida ya kashe farar hula fiye da 100. Kamfanin labarai na AP ya bi lissafin gawawwaki, ya ce farar hular da suka mutu a wata taran nan sun kai 9,000 zuwa 11,000. Wajen mutum 900,000 suka bar gidajensu.

Wannan shi ne labarin. Ga tambaya ta fari.

Wani saurayi mai himma ya taɓa tare ni bayan sujada ya ce, "Fasto, ai gumaka ne suka farfasa. Ba haka Allah ya umarci Isra'ila ba? Ko mugu in ya yi abin kirki, ba sai a yaba masa ba?" Tambaya ce mai kyau, kada a kore ta da tsawa. Gaskiya ne Allah yana ƙin bautar gumaka, bai kuwa sake ra'ayi ba. Amma ku duba waɗanda suka farfasa gumaka da yardar Allah, ku ga gumakan wa suka fasa. Yakubu ya tattara na mutanen gidansa ya binne su a gindin itace kusa da Shekem. Gidiyon bagadin ubansa ya rushe, a garinsu. Hezekiya ya farfashe macijin tagulla, abin da Musa kansa ya ƙera, domin jama'arsa sun fara ƙona masa turare. Yosiya haikalin Ubangiji ya share. Kowannensu cikin jama'ar alkawari ya yi aikin, a kan abin da 'yan'uwansa su ke durƙusa wa a kwanakin nan. Bijiman Nineba fa? Shekara 2,600 ke nan ba wanda ya yanka musu ko kaza. 'Yan makaranta su kan tsaya kusa da su a ɗauke su hoto. Dutse yana zama gunki sa'ad da zuciya ta durƙusa masa. Ran da zuciya ta tashi, abin da ya rage shi ne dutse da aikin hannun masassaƙi, da kuma shaida cewa waɗansu mutane sun dogara ga wannan abu ya kuwa bashe su. Ni a ganina bijimin nan yana tsaye a ƙofar birnin da ya kāsa tsarewa ya fi yi wa Nahum wa'azi da a ce an mai da shi tsakuwa.

Sa'an nan ku dubi manzo Bulus. Ya shiga Atina ya tarar da gari cike da gumaka masu rai a zukatan mutane, ransa ya ɓaci ƙwarai. Bai nemi guduma ba. Ya zaga, ya duba, ya karanta abin da aka rubuta a jikin wani bagadi, ya ɗauki rubutun nan ya mai da shi ƙofar wa'azinsa. A Afisa ya yi fiye da shekara biyu kusa da haikalin Artimis, sa'ad da kuwa maƙeran azurfa suka ta da hargitsi, magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, ya tsaya gaban taro ya shaida cewa mutanen nan ba su yi wa haikali fashi ba, ba su kuwa zagi allahiyarsu ba. Duk da haka cinikin gumaka ya faɗi har maƙera suka ji a aljihunsu. Me ya kā da shi? Mutane ne suka tuba. An ƙone littattafan sihiri a Afisa, na kuɗi azurfa 50,000, amma masu su ne suka kawo su da hannunsu.

Ina faɗin wannan domin samarinmu. Ya kan faru bayan taron farkawa, jini yana tafasa, sai a ji waɗansu sun tafi sun fasa tukwanen tsafin wani tsoho, ko sun sare itacen da dangin wani ke girmamawa, su komo suna waƙa. Tsohon nan kun rufe kunnensa ga bishara, mai yiwuwa har ya mutu. In layarka ce, kawo ta mu ƙone tare da murna. In ta maƙwabcinka ce, aikinka shi ne ka zauna a zaurensa ka yi masa magana har ran da zai kawo ta da kansa. Haka kuma manomi a ƙasar Kaduna ta kudu ko Filato wanda garmarsa ta tono kan mutum na yumɓu irin na Nok, kada ya farfasa shi don tsoro, kada kuma ya sayar wa ɗan sumoga. Akwai gidan kayan tarihi a Jos tun 1952, aikinsa ke nan.

Su mutanen guduma ma, himmarsu ba ta kai inda su ke faɗi ba. Abin da ya fi ƙarfin ɗauka su ke fasawa gaban na'urar ɗaukar hoto. Ƙananan kaya masu shiga buhu kuwa sai a fitar da su ta kan iyaka a sayar, su karɓi haraji a kai. Da sojoji suka ƙwato gabashin Mosul a farkon 2017, aka tarar sun haƙa ramuka a ƙarƙashin kangon masallacin Annabi Yunusa, sun ratsa wata fada ta dā, inda aka ga rubutun Esar-haddon ɗan Sennakerib, wanda sunansa ke cikin 2 Sarakuna 19:37. Mai neman kawar da shirka me ya kai shi rami?

Ga wani abin da ya fi wannan nauyi. Sarakunan Assuriya sun sa an zana ayyukansu a bangon fada: kawunan mutane a tare kamar tulin kabewa, kamammu a tsire, ana feɗe waɗansu, ana kora al'umma duka daga ƙasarta. Sun zana su domin kowane baƙo ya gani gabansa ya faɗi. Su kuma waɗannan suka yanka mutane suka ɗauki majigi, suka kori al'ummai daga garuruwan kakanninsu, suka watsa hotunan domin duniya ta ji tsoro. Sun farfasa siffofin Sennakerib, suna kuwa yin aikin Sennakerib a garin Sennakerib. Gunkin Assuriya na ainihi ƙarfi ne da ban tsoro, wannan kuwa ba su taɓa shi ba, sun ɗauke shi ne suka kafa a zuciyarsu. Laifi tudu ne. Kada mu ma mu yi saurin cewa mun tsira daga gunkin nan, gama ya kan shiga majami'a ya zauna a kujerar gaba.

Tambaya ta biyu ita ce, daidai ne a yi kukan dutse alhali ana kashe mutane? Nan ne sura ta 4 ta Yunana ta ke kama mu. Annabin ya fita bayan gari ya kafa rumfa yana jiran ya ga wuta ta sauko. Allah ya tsiro masa da wani tsiro mai yaɗo ya yi masa inuwa, ya yi murna. Kashegari tsutsa ta cinye shi, ya yi fushi har yana roƙon mutuwa. Sai Allah ya sa abu biyu a ma'auni a gabansa: tsiron da bai shuka ba, bai yi masa ban ruwa ba, da birni mai mutum fiye da 120,000 waɗanda ba su san damansu da hagunsu ba, har da dabbobinsu. Littafin ya ƙare da tambayar nan, ba a gaya mana amsar Yunana ba. Shanun da Allah ya lissafta a ayar ƙarshe masu numfashi ne, masu jin ƙishi. Siffa guda ɗaya ce Allah ya yi ta kansa ya kafa a duniya, ita ce mutum (Farawa 1). Kowane ɗaya cikin 600 na Badush siffar Allah ne, kowace yarinyar Sinjar haka. In mutum ya san sunan Ƙofar Nergal amma bai taɓa jin Badush ba, to ya zauna a rumfar Yunana.

Amma kada wani ya ɗauki maganata ya ce, "Ai duwatsu ne kawai." Mutanen Mosul ba su ce haka ba. Suna da wata hasumiya a babban masallacin Nuri, an gina ta wajen 1172, tsawonta mita 45, ta ɗan karkace, shi ya sa su ke kiranta Hadba, watau mai doro. Hotonta yana jikin takardar kuɗinsu. Ran 21 ga Yuni, 2017, da Da'ish suka ga yaƙi ya juya musu, suka tashe ta da nakiya, mutanen da suka riga suka binne 'ya'yansu suka sake yin kuka. Don me? Domin mai rushe irin waɗannan abubuwa yana ce wa mutane, ba ku da jiya, ba wanda ya zauna nan kafin mu. Haka suka baje gidan sufaye na Mar Iliya, mai shekara wajen 1,400, don kada ya ci gaba da shaida cewa an yi sujada ga Almasihu a bakin Dijla tun zamanin dā. Wani firist mai suna Najib Mika'il ya gane wannan. Daren da aka gudu daga Karakosh ya cusa tsofaffin littattafan rubutun hannu cikin mota ya fita da su tare da jama'a. A 2019 aka naɗa shi babban bishop na Kaldiyawa a Mosul. Hannun da ke fasa dutse da hannun da ke yanka mutum guda ne, wanda ya yi kukan ɗaya ya kamata ya yi kukan ɗayan, sai dai a san wanda ya fi nauyi a ma'aunin Allah.

Tambaya ta uku ba wanda ya yi mini ita, gama ba mu son ta. Yunana bai gudu zuwa Tarshish don tsoron Ninebawa ba. Shi da bakinsa ya faɗi dalili: ya san Allah mai jinƙai ne, yana tsoro kada ya gafarta musu. Assuriyawa kuwa mun ga irin aikinsu. Bayan 2017 aka bar dubban mata da yara a sansanonin kudancin Mosul, matan mayaƙa da 'ya'yansu. Yara da yawa ba su da takardar haihuwa wadda gwamnati ta yarda da ita, ba takarda kuwa ba makaranta. Maƙwabtansu na dā suka ce kada su komo, a waɗansu garuruwa aka yi wa gidajensu alama a bango, kamar yadda iyayensu maza suka yi wa gidajen Kirista. Ba na ce kada a hukunta mai kisa ba. Hukuma ba ta riƙe takobi a banza ba. Amma yaron da aka haifa a 2015, me ya sani? Shi ne ainihin wanda bai san damansa da hagunsa ba.

Mu ba baƙin wannan magana ba ne. A shekarar nan ta 2014 aka sace 'yan matan Chibok cikin Afrilu, aka kama Gwoza cikin Agusta, aka kama Mubi da hedkwatar Ekklisiyar 'Yan'uwa a Kwarhi a ƙarshen Oktoba. A watan Maris 2015, watan da a ke baje Nimrud, shugaban Boko Haram ya yi mubaya'a ga shugaban Da'ish. Mun san gudu da dare, mun san kwana a ajin makaranta. Mun kuma san yarinyar da ta komo daga daji da goyo a bayanta, da irin kallon da a ke yi wa goyon nan a bakin rijiya, har ma a taron zumuntar mata. Ku da kuka rasa miji ko ɗa, ba ni da bakin da zan ce muku abin nan mai sauƙi ne. Ubangiji Yesu dai ya ce mutanen Nineba za su tashi a ranar shari'a su kā da waɗanda suka ji wanda ya fi Yunana amma ba su tuba ba (Matta 12). Shi wanda ya fi Yunana bai zauna bayan gari yana jiran wuta ba. Bayan gari aka kai shi, ya kuwa roƙa wa masu kashe shi gafara.

Mosul tana tashi a hankali. Samari Musulmi sun shiga majami'un da aka lalata da tsintsiya da shebur sun kwashe ɓaraguzai. Paparoma Faransis ya tsaya a tsakiyar kangayen majami'u ran 7 ga Maris, 2021, ya yi addu'a domin waɗanda yaƙin ya ci. UNESCO, da kuɗin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta sake gina hasumiyar Hadba da karkatarta, da majami'u biyu na tsohon gari, aka gama a 2025. A Ƙofar Mashki, wadda Da'ish suka baje a 2016, masu gyara suka tono sassaƙe-sassaƙe takwas na zamanin Sennakerib a 2022, waɗanda ƙasa ta ɓoye wa guduma. Mutane ne ba su komo kamar duwatsu ba. Kafin 2003 a kan ƙiyasta Kiristan Iraki wajen miliyan ɗaya da rabi; ƙiyasin shekarun nan bai wuce 250,000 ba. Wajen rabin mutanen Karakosh ne suka koma gida, cikin birnin Mosul kuwa, lokacin ziyarar Paparoma, iyalan Kirista 'yan gomomi ne kawai.

'Yan'uwan nan namu suna addu'a da harshen da ya fito daga Aramiyanci, harshen da Ubangiji ya yi magana da shi. Suna da wani azumi na kwana uku, Litinin zuwa Laraba, mako uku kafin babban azuminsu na gaban Ista, sunansa Roƙon Ninebawa. Sun fi shekara dubu suna yinsa. Su kan tuna da wa'azin Yunana, suna lissafta kansu jikokin waɗanda suka ji suka tuba.

Ina roƙon dattawan kowace ekklisiya su zaɓi Lahadi ɗaya cikin watan nan, a karanta Yunana sura 4 a gaban jama'a, a yi addu'a a ambaci Mosul da Karakosh da Sinjar da sunansu, a haɗa da Gwoza da Michika da Chibok. Baikon ranar kuwa a sayi hatsi da shi, a kai wa 'yan gudun hijira mafi kusa da ku. Mai awo kada ya tambayi mace addininta, ko sunan uban yaron da ta ke goye da shi, kafin ya zuba mata a kwarya.